Masu Ƙirga Tsuntsaye na Ƙasar Jos

Wanda ya bi ta ƙauyen Laminga da sassafe, wajen kilomita 15 daga Jos, yakan tarar da waɗansu mutane tsaye cikin raɓa, kowa da madubin hangen nesa a ido, ba mai magana da ƙarfi. Ba maharba ba ne, ba su kuwa neman ɓatacciyar akuya. 'Yan ƙungiyar kallon tsuntsaye ta Jos ne, yawancinsu ɗalibai da ma'aikata. Aikinsu su ga tsuntsu, su gane shi, su rubuta sunansa.

Mun san mai karatu zai ce, wannan kuma wane irin aikin banza ne? Bari mu bi su cikin shekara tukuna.

Cibiyar abin ita ce kurmin Amurum, fili mai faɗin hekta 300 ko kusa da haka, duwatsu da kurmi da ciyawa. A nan aka kafa makarantar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a 2001, da haɗin kan Jami'ar Jos da mutanen Laminga. An ga tsuntsaye iri iri wajen 300 a wannan ɗan wuri. A 2015 makarantar ta soma wani babban aiki na sanin inda kowane tsuntsu yake zaune a Nijeriya. Aka raba taswirar ƙasa gida gida, kowane gida wajen kilomita 9 tsawo, 9 faɗi. Mai ƙirga zai shiga gida ɗaya ya yi aƙalla awa 2, ya rubuta dukan abin da ya gani ko ya ji kukansa, ya aika ta wayar hannu. Wannan aiki ne ya sa ƙungiyoyi irin ta Jos suka yi ƙarfi, gama masana kaɗan ba su iya zaga ƙasa duka.

Shekararsu takan fara kamar ta manomi. In shamuwa ta sauka, wajen Afril ko Mayu, sun rubuta ranar. Kakanninmu sun san wannan alama tun da daɗewa, amma ba wanda ya ajiye lissafi. Asabar ta biyu a watan Mayu kuwa ranar tsuntsaye masu ƙaura ce a duniya duka, ana sake yin ta a Oktoba. Lokacin ne akan tara 'yan makaranta a nuna musu yadda ake riƙe madubi, a kuma ja musu kunne a kan danƙon harbi.

Da damina ta yi nisa sai ido ya koma kan duwatsu. Akwai wani ɗan tsuntsu mai jan baya da yake zaune cikinsu, wanda sai a 1998 masana suka gane iri ne dabam, suka raɗa masa suna. Yana da wani maƙwabci baƙi mai wayo. Macen baƙin ba ta yin sheƙa, sai ta saka ƙwanta cikin sheƙar mai jan bayan, shi ya yi mata reno. Namijin kuwa yana kwaikwayon kukan wanda ya rene shi. Ashe in masu fasa dutse da masu saran itace suka kori ɗaya, sun kori biyu ke nan.

Daga Satumba baƙin Turai suke isowa. Waɗansu nauyinsu bai kai giram 20 ba, amma sun ƙetare teku da hamadar Sahara. Ma'aikatan makarantar sukan kafa raga mai laushi su kama su, su auna, su sa musu ɗan zobe mai lamba a ƙafa, su sake su. 'Yan ƙungiya sukan zo kallo, mai haƙuri kuma ya koya. Wajen Maris da Afril, kafin komawa, waɗannan baƙi sukan ci 'ya'yan itatuwa da ƙwari har waɗansu su kusa ninka nauyinsu, domin a hamada ba guzuri sai kitsen jiki. In an sare itatuwan da suke ci, tafiyar ta lalace tun daga nan.

A tsakiyar Janairu, cikin hunturu, ake ƙirgar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa, al'adar da aka soma a 1967. A ƙasarmu babban wurin shi ne fadamar Hadejiya da Nguru, inda dinya da kirinjijiya da zalɓe suke taruwa tare da agwagin Turai. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da take cika fadamar ta ragu, masunta da manoman shinkafa sun ji a jikinsu kamar yadda tsuntsaye suka ji.

Abin da ya fi damun mu shi ne sunayen da suka daina fitowa a takardun masu ƙirga. Gauraka, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasarmu, da wuya a gan ta yanzu. Ungulu kuwa, wadda dā ba mahautar da ba ta da ita, a 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da suke bakin ƙarewa. Guba tana kashe ta, masu haɗa magani kuma suna sayen kanta da ƙafafunta a kasuwa. Inda ba ungulu, mushe yakan daɗe a fili, karnuka da ƙudaje su gaje shi, su kawo cuta har gida. Saboda haka aka ware Asabar ta fari a watan Satumba domin tunawa da ita.

Iyaye, ku tambayi 'ya'yanku ko sun taɓa ganin ungulu da idonsu. Wanda yake so ya soma ƙirga ba sai yana da madubi ba. Littafin rubutu da fensir sun isa, da dattijon da ya san sunayen tsuntsayen garinku.