Kyautar Kamfani da Haƙƙin da Ke Wuyansa

Abu biyu ake cuɗawa idan ana maganar nauyin da ke kan kamfani game da jama'ar da yake zaune a cikinsu. Akwai kyauta: rijiyar burtsatse, ajujuwa, tallafin karatu, buhunan shinkafa da azumi. Akwai kuma haƙƙi: kada ya cuci kowa wajen neman riba, in kuwa ya cuta, ya gyara ɓarnar, ya biya diyya.

Ban raina kyauta ba. A ƙauyen da hukuma ta manta da shi, matar da ke doguwar tafiya neman ruwa ba za ta tsaya binciken niyyar wanda ya haƙa rijiya ba. Kyauta kuma ba ta jiran alƙali. Sai dai kamfani ne ke zaɓen wanda zai ba, da abin da zai bayar, da ranar da zai daina.

Mai haƙƙi kuwa ɓarnar ce ke nuna shi, ko kamfani ya so ko ya ƙi. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200. Sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a fayyace musu cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce sanƙarau ce ta yi ɓarnar. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, sannan a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne, bayan gwajin ƙwayoyin halitta. Shekara goma sha biyar ke nan! Raunin haƙƙi shi ne wannan jinkiri, ga tsadar lauya, ga talaka na ja da mai kuɗi. Asarar ma ba ta tsaya a gidajen nan ba, domin a 2003 da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a Kano, batun Trovan na cikin hujjojin da mutane suka riƙa kawowa.

Ƙasar Ogoni ta fi nuna tazarar da ke tsakanin abubuwan biyu. Kamfanin mai na Shell ya shafe shekaru yana ba da tallafin karatu da ayyukan raya karkara a yankin Neja Delta. Amma rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya gano sinadarin benzin mai jawo ciwon daji a rijiyoyin Nisisioken Ogale, ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900, ya kuma ce tsabtace yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Masuntan Bodo, da malalar mai ta 2008 ta lalata wa sana'a, sai da suka kai ƙarar Shell Landan kafin a biya su fam miliyan 55 a 2015. Wane tallafin karatu ne zai maye gurbin ruwan sha?

Malamanmu sun koya mana cewa in mutum ya rasu, bashi ake fara biya kafin a zartar da wasiyya. A nan na tsaya: haƙƙi bashi ne, shi ke gaban kyauta. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kasuwanci da haƙƙin ɗan Adam na 2011 ma sun bayyana cewa alherin da kamfani ya yi a wani wuri ba ya goge cutarwar da ya yi a wani.

Masu zuba jari ne nake ganin za su iya rage wa talaka wannan dogon jira, tunda kamfani ya fi jin maganar mai hannun jari a kan ta masunci. Asusun man fetur na ƙasar Norway ya sha janye kuɗinsa daga kamfanonin da ya samu da mummunan take haƙƙi ko gurɓata muhalli. Mu ma da muke tantance jari, muna gudun ruwan bashi da giya da caca, ya kamata mu riƙa tambayar kamfani inda yake zubar da dagwalon masana'antarsa, da yadda yake biyan leburorinsa, da ƙarar mutum nawa ke jiransa a kotu.