Lasisin Bindiga da Salansa: Me Yake Gaskiya, Me Yake Jita-jita?

Duk lokacin da 'yan bindiga suka afka wa wani ƙauye a Zamfara, Katsina ko Sakkwato, zancen mallakar bindiga yakan dawo majalisun hira da zaurukan WhatsApp. Wani ya ce gwamna ya ba kowa izini, wani ya ce lasisi kuɗi ne kawai, wani kuma ya turo bidiyon Ba'amurke yana harbi da bindiga mai salansa, ya ce can kowa saye yake a kanti. Mutumin da aka sace wa ɗa ko aka kora daga gonarsa yana da dalilin da zai kasa kunne ga irin wannan magana, kuma ba wanda zai zarge shi. Sai dai kuskure a sha'anin bindiga tsadarsa shekaru ne a gidan yari, saboda haka ya zama wajibi a tantance maganganun nan ɗaya bayan ɗaya.

"Gwamna ya ba da izini, kowa na iya mallakar bindiga"

Wannan ƙarya ce, amma tana da tushe. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ƙarƙashin Bello Matawalle ta nemi jama'a su shirya mallakar bindiga don kare kansu, ta kuma ce za ta raba fom 500 ga kowace ɗaya daga masarautu 19 na jihar. Kafin nan, a 2021, Aminu Bello Masari na Katsina ya yi kira makamancin wannan. Abin da masu yaɗa zancen ba sa faɗa shi ne abin da ya biyo baya. Kwamishinan 'yan sandan Zamfara na lokacin, Ayuba Elkanah, ya ce dakatarwar da aka yi wa bayar da lasisi tana nan ba a ɗage ta ba, Babban Hafsan Tsaro Janar Lucky Irabor kuma ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi.

Dalilin yana cikin kundin tsarin mulki na 1999. Makamai, harsasai da abubuwa masu fashewa suna cikin jerin al'amuran da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Dokar da ke aiki kuwa ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda ta raba bindigogi gida uku. Gida na farko shi ne na haramtattun bindigogi: mashinga, bindigogin soja irin su AK-47, fistol da libarba, gurneti da roka. Shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Gida na biyu ya ƙunshi bindigar farauta mai baki ɗaya ko baki biyu, bindigar wasan harbi da bindigar iska, lasisinsu kuma yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Gida na uku shi ne na bindigogin da ake ɗurawa ta baki, wato adaka da danginta. A nan ne kawai gwamna yake da ta cewa, domin kwamishinan 'yan sanda na jiha, da amincewar gwamna, yana iya ba da umarnin hana riƙe su sai da lasisi.

"Kare kai haƙƙi ne, saboda haka riƙe bindiga don kare kai halal ne a doka"

Rabinta gaskiya ne. Sashe na 33 na kundin tsarin mulki da dokar final kod ta Arewa duk sun amince mutum ya kare ransa da dukiyarsa da ƙarfin da ya dace da barazanar da ta same shi. Amma kare kai da mallakar bindiga tambayoyi biyu ne daban a gaban alƙali. Ana iya wanke mutum daga laifin raunata ɓarawon da ya hauro masa gida, a kuma kama shi da laifin riƙe bindigar da ya yi harbin da ita. Wanda aka samu da haramtacciyar bindiga ba lasisi, hukuncinsa a dokar 1959 ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Bindiga ta gida na biyu kuwa ɗaurinta yana iya kaiwa shekara 5. Akwai kuma dokar fashi da makami ta 1984, wadda ita ma ta tanadi hukunci mai tsanani kan riƙe bindiga ba izini. Harsashi ma ba a bar shi a baya ba: ajiye shi ba tare da lasisin da ya shafe shi ba laifi ne mai zaman kansa.

"Idan ka cika sharuɗɗa kuma ka biya, dole a ba ka lasisi"

Ƙarya ce. Dokar ta faɗa ƙarara cewa ba wanda yake da haƙƙin a ba shi lasisi ala dole, hukuma tana da ikon bayarwa ko hanawa. Ta kuma lissafa waɗanda ba za a ba su ba ko da sun nema: wanda bai kai shekara 17 ba, mai taɓin hankali, mai raunin gani, mashayi ko wanda ba ya iya riƙe kansa, da wanda aka yanke wa hukunci kan laifin tashin hankali ko barazanarsa cikin shekara biyar da suka wuce. Bayan haka, rundunar 'yan sanda ta daɗe da rufe ƙofar sabon lasisi, kuma a watan Agustan 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sake sanar da dakatarwar. Duk dillalin da ya ce ka kawo kuɗi da hoto zai fito maka da takarda cikin mako guda, ka guje shi. Takardar bogi ba za ta kare ka ba, sai ma ta ƙara maka tuhuma ta biyu a kan ta farko.

"Fam-akshan bindigar farauta ce, ba ta cikin haramtattu"

Mutane da yawa masu mutunci sun faɗa wannan rami. Gida na biyu na dokar ya amince da bindigar farauta, amma ya cire mai sarrafa kanta da duk wadda take da na'urar sake ɗura harsashi. Fam-akshan kuwa aikinta ke nan, ana jan hannunta baya a tura gaba ta ɗura wani. Abin da bai shiga gida na biyu ko na uku ba, dokar ta mayar da shi gida na farko. Shi ya sa a 2018, lokacin da Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da wa'adin kwana 21 a miƙa haramtattun makamai, fam-akshan tana cikin jerin da aka ambata.

"Bindigar gado ta magada ce, lasisin marigayi ya wadatar"

Ƙarya ce. Lasisi na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya, ba ya bin gado kamar gona. Dokar ta ba wanda kayan mamaci suke hannunsa kwana 14 bayan rasuwar ya riƙe bindigar, daga nan sai ya miƙa ta ga 'yan sanda ko ya sami izini da sunansa. Haka kuma zama ɗan banga ko ɗan sa-kai ba ya zama lasisi. Ko gwamnonin Binuwai da Ondo, da suka so jami'an tsaron jihohinsu su riƙe AK-47 a 2022, Abuja suka fuskanta da buƙatarsu, domin sun san ikon ba ya hannunsu.

"Salansa tana sa bindiga ta yi shiru"

Fim ne ya shuka wannan, kuma ƙarya ce. Ƙarar bindiga tana fitowa ne daga iskar albarushi mai zafi da ke fashewa waje bayan harsashi. Salansa bututu ne mai ɗakuna a ciki da ke tare iskar, ya rage mata gudu da zafi kafin ta fita. Aikin ɗaya ne da na salansar babur, kuma Hiram Percy Maxim, Ba'amurken da ya yi wa ƙirarsa rajista a 1909, ya ƙera irinta ga injuna ma. Da ma'aunin ƙara na desibel, harbin bindiga yana kaiwa tsakanin 140 da 170. Salansa takan rage kamar 20 zuwa 35, saboda haka babbar bindiga mai salansa tana nan a wajen 130 ko fiye, ƙarar da za a ji daga nesa. Akwai kuma abin da salansa ba ta iya taɓawa. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, harsashin AK-47 kuwa yana fita da gudun da ya haura mita 700, kuma duk abin da ya wuce gudun sauti yana yin tsawarsa a iska. Ƙananan bindigogi masu harsashi marar gudu ne kawai ke yin laushin ƙara sosai, su ma ana jin su. Amfanin da maharba a Turai da Amurka suke nema a wurinta shi ne kare kunne, domin ƙarar da ta kai desibel 140 tana iya lalata ji ko da sau ɗaya ce.

"A Amurka kowa yana sayen salansa kamar yadda ake sayen harsashi"

Gaskiyar da ke ciki ita ce mallakarta halal ce a jihohi 42, kuma miliyoyi suna hannun farar hula da rajista. Amma jihohi takwas, ciki har da Kalifoniya, New York da Illinois, tare da birnin Washington, sun hana. Inda aka halatta ma, tana ƙarƙashin dokar tarayya ta 1934, wadda aka yi a zamanin gungun 'yan daba masu mashinga. Mai saye zai cike takarda ga ATF, hukumar tarayya mai kula da bindigogi, ya ba da hoto da zanen yatsunsa, a binciki tarihinsa, ya jira amincewa kafin ya karɓi kayan. Dillali ba ya sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba. Riƙe salansa marar rajista laifin tarayya ne mai ɗaurin da ke kaiwa shekara 10.

Akwai wata jita-jita da ta biyo bayan dokar da Donald Trump ya sa wa hannu a ranar 4 ga Yulin 2025, wai an sake salansa gaba ɗaya. Abin da dokar ta yi shi ne mayar da harajin dala 200 da ake biya a kan salansa, wanda yake nan tun 1934, zuwa sifili daga 1 ga Janairun 2026. Ba ta soke rajista da bincike ba.

"Salansa kayan masu kisa ce, duk duniya an hana ta"

Wannan ma ba daidai ba ne, domin ƙasashe sun sha bamban. Kanada ta hana farar hula ita, Ostareliya ta tsaurara ƙwarai. Norway da New Zealand kuwa suna kallonta a matsayin kayan farauta na yau da kullum. A Birtaniya dokar 1968 ta sanya ta cikin abubuwan da ake rubutawa a takardar izinin bindiga, kuma 'yan sanda sun saba amince wa maharban barewa da manoma. Amma kada a ɗauka sassaucin ya kai ga bindigar kanta. Bayan kisan yara 16 da malamarsu a makarantar Dunblane a 1996, Birtaniya ta hana kusan duk fistol a 1997, kuma a Ingila, Wales da Sikotland ba a karɓar kare kai a matsayin dalilin neman lasisi. Ta fuskar laifi, ba a cika samun salansa mai rajista a aikata ta'asa ba, ko da yake ya faru: mutumin da ya kashe mutum 12 a Virginia Beach a watan Mayun 2019 ya yi amfani da ita. Ko yaya dokar waɗannan ƙasashe take, ba ta ƙetare iyakarsu. Abin da ya halatta a Texas ba hujja ba ne a gaban alƙali a Gusau ko Kano.

Inda matsalar take

Cibiyar binciken ƙananan makamai da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 bindigogi sama da miliyan 6 suna hannun farar hula a Najeriya. Ƙasar tana cikin yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai, ta kuma kafa cibiyar kula da yaɗuwarsu a 2021 ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Duk da haka ɗan ta'adda yana yawo da AK-47 a daji, manomi mai bin doka kuma an rufe masa ƙofar lasisi. Wannan ƙorafi ne na gaskiya, kuma ina ganin ya cancanci amsa daga hukuma. Amsar tana Majalisar Tarayya, inda za a iya gyara dokar da aka rubuta tun kafin 'yancin kai, tana kuma ga jami'an tsaro da aka ɗora wa alhakin tsare rayuka. Masu son a buɗe lasisi da masu tsoron ƙaruwar makamai duk suna da wakilai a can, su matsa musu su yi muhawarar a fili. Kafin a kai ga haka, wanda yake da tsohon lasisi ya je hedikwatar 'yan sandan jiharsa ya tabbatar da matsayinsa, wanda ya gaji bindiga ya nemi lauya ya raka shi ya daidaita lamarinta, wanda kuma aka turo wa saƙon cewa an ba kowa izini ya tambayi wace doka ce ta ba da shi kafin ya tura wa ɗan'uwansa.