Yawan Rundunar Iskandar: Abin da Marubutan Dā Suka Faɗa

A shekara ta 334 kafin haihuwar Annabi Isa, Iskandar ɗan Filibus, Sarkin Makidoniya, ya ƙetare mashigin ruwan da ake kira Dardanel a yau, ya shiga Asiya don ya yaƙi daular Farisa. Ya yi nasara a Giranikus a wannan shekara, da Isus a 333, da Gaugamela a 331, har ya kai bakin kogin Biyas na ƙasar Hindu a 326, inda mayaƙansa suka ƙi ci gaba. Ya rasu a Babila a 323. Abin tambaya shi ne, da mutum nawa ya yi wannan aiki?

Littattafan waɗanda suka bi shi yaƙin sun ɓace, sai abin da na baya suka ciro daga cikinsu. Ariyan, wanda ya yi rubutu fiye da shekara 400 bayan rasuwar sarkin, ya dogara ga Batalamiyus da Aristobulus. Ya ce dakaru, watau mayaƙan ƙasa, sun ɗara 30,000 kaɗan, barade kuwa sun haura 5,000. Diyodoras ya ce dakaru 32,000 ne. Fulutak ya kawo ƙauli biyu: mafi ƙanƙanta dakaru 30,000 da barade 4,000, mafi girma dakaru 43,000 da barade 5,000.

Wannan saɓani yana da mafita. Tun a 336 Filibus ya riga ya tura wata runduna ta kimanin mutum 10,000 zuwa Asiya, Farmeniyon yana cikin shugabanninta. Masana da yawa suna ganin masu ƙaramin adadi sun ƙidaya waɗanda suka ƙetare tare da sarki ne kawai, masu babban adadi kuwa sun haɗa da 'yan share fage.

Amma fa da aka zo kan abokan gaba, sai alƙalami ya sake. A Gaugamela, kusa da Mosul ta ƙasar Iraƙi, Ariyan ya ba Iskandar dakaru 40,000 da barade 7,000, sa'an nan ya ce an faɗi cewa Sarki Dara ya zo da dakaru zambar dubu, watau 1,000,000, da barade 40,000. Kurtiyus ya ce dakaru 200,000 da barade 45,000. Tazarar ta isa ta sa mai karatu ya dakata.

Guzuri shi ke raba gardama. Donald Engels, a littafinsa na 1978, ya ƙiyasta cewa kowane mayaƙi yana bukatar hatsi kusan kilo ɗaya da rabi a yini. Ashe ke nan mutum zambar dubu za su cinye kusan tan 1,500 kullum, ban da harawar dawaki da ruwan sha. Ba ayarin raƙuma ko jakunan da zai iya ɗaukar wannan. Saboda haka masana da yawa ba su kai rundunar Dara sama da 100,000 ba.

Harshen ma yana da abin cewa. Kalmar Girkanci "muriyoi" tana nufin dubu goma, tana kuma nufin abin da ba ya ƙidayuwa, malaman nahawu sun bambanta su da karin sauti kaɗai. Haka Bahaushe kan ce "dubun dubata" ba tare da ya ƙidaya kome ba.

Rundunar Iskandar tana da marubuta da masu rabon albashi, don haka adadinta ya yi kusa da gaskiya. Ta Farisa kuwa daga bakin waɗanda suka ci ta aka ji yawanta, kuma yawan abokin gaba shi ne kirarin jarumi. Ya kamata malamin tarihi ya koya wa almajiransa wannan awo: kowane adadi aka tarar a labarin yaƙi, a tambayi wanda ya ƙidaya, da abin da mutanen suka ci.