Ka Karanta Aikin Gona, Ba Aiki? Mu Yi Maganar Sana'ar Ba Manoma Shawara

 Shirinmu na yau na matasan da suka karanta aikin gona ne, suka gama bautar ƙasa, suna zaune suna jiran gwamnati ta ɗauki malaman gona. Akwai wata ƙofa da ba mu cika dubawa ba: ka zama mai ba da shawara kan harkar noma, mai zaman kansa, wanda ake biya saboda abin da ya sani.

To, mene ne aikin? Malamin gona na gwamnati, irin na KNARDA a Kano, albashi yake karɓa, ya zagaya ƙauyuka. Shi kuwa mai ba da shawara, mai gona ne ko kamfani ko ƙungiya ke kiransa su ce: ga filinmu, ga kuɗinmu, me za mu shuka, yaushe, da wane iri, da wane taki, kuma nawa za mu samu? Amsar nan ita ce hajarka.

Wani zai ce, manomin da ya gaji noma kaka da kakanni, me ɗan boko zai koya masa? Gaskiya ya fi ka sanin gonarsa. Amma akwai matsalolin da kakansa bai taɓa gani ba. A 2016 ƙwaron tumatir da manoma ke kira sharon ya cinye gonaki a Kano da Kaduna, har tumatir ya gagari talaka. A shekarar ce kuma aka fara ganin tsutsar nan mai cin masara, wadda asalinta daga nahiyar Amurka take. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, alhali akwai buhun PICS mai ninki uku da ke adana wake ba tare da ɗigon magani ba. Duk wanda ya san waɗannan abubuwa da wuri, ya ceci dukiyar mutane.

Ga wani misali na lissafi. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin. Buhun NPK 15-15-15 kuwa kilo bakwai da rabi ne kacal na naitirojin a cikinsa, sauran sinadarai biyun ma kowanne haka. Manomin da bai san wannan ba zai iya kashe kuɗi a kan takin da ba shi shukarsa ke nema ba a lokacin. Ko ya watsa yuriya a saman busasshiyar ƙasa bai rufe ba, wani kaso ya bi iska. Idan ka hana shi wannan asara, ka ci kuɗinka halal.

Yanzu ta ina za a fara?

Na ɗaya, ka zaɓi fanni guda. Kada ka ce kai masanin komai ne, daga kaji zuwa kifi zuwa shinkafa. Ka ɗauki noman rani na tumatir da albasa, ko masara da waken suya, ko adana amfanin gona, ka san shi ciki da bai.

Na biyu, ka shiga gona. Takardar digiri ba ta gane ganyen da yunwar taki ta sa ya yi rawaya da wanda cuta ta kama. Ka yi damina ɗaya ko biyu kana bin gogaggen manomi ko wata babbar gona, ko da ladan bai taka kara ya karya ba. In da hali ka yi ɗan filin gwaji naka, domin manomi da ido yake yarda, ba da turanci ba.

Na uku, ka san inda ilimin yake. Cibiyar IAR da ke Samaru a Zariya ita ke fitar da irin masara na SAMMAZ, da wake na SAMPEA, da gyaɗa ta SAMNUT. NAERLS na nan a jami'ar ABU, IITA na da tasha a Kano, BUK na da cibiyar nazarin noma a busassun yankuna. Hukumar NiMet kuma duk shekara tana fitar da hasashen damina. Ka riƙa bibiyarsu.

Na huɗu, ka san wa zai biya ka. Mu faɗa wa juna gaskiya, ƙaramin manomi mai kadada ɗaya da wuya ya ciro kuɗi don shawara kawai. Masu biya su ne ƙungiyoyin manoma idan sun haɗa kuɗi, da ma'aikata da 'yan kasuwar birni masu gona amma ba su da lokaci, da kamfanonin sarrafa shinkafa masu ba manoma iri da taki, da ƙungiyoyin raya karkara. Waɗannan suna son rahoto a rubuce da lissafin riba da faɗuwa, don haka ka koyi rubutu mai tsafta da aiki da Excel.

Sai babban gargaɗi. Za a zo maka da tayin kamasho: ka tallata wannan magani, a ba ka kaso. Ranar da ka rubuta wa manomi maganin da ba ya buƙata don aljihunka, ka sayar da sana'arka. Shawararka ɗaya na iya zama abincin gida guda na shekara, kuma damina in ta wuce ba ta dawowa sai baɗi. Abin da ba ka sani ba, ka ce bari in bincika. A ƙauye labari ba ya kwana. Wanda gonarsa ta yi kyau shi zai kawo maka mutum goma, wanda ka cuta kuma zai kore maka ɗari.

Wannan hanya ba ta kuɗin dare ɗaya ba ce, sai an yi haƙuri an gina suna. Amma damina na tafe, kuma akwai gona kusa da kai da ke buƙatar abin da ka karanta. Ka fara da ita.

Mu kwana nan, sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ba mu damina mai albarka.