Yadda ƙaramar manhajar Lit za ta rage wa masu gina shafukan intanet a Katsina wahala

Duk mai buɗe shafin makaranta ko na wata ma'aikata a waya a birnin Katsina ya san yadda ake yi: data na tafiya, shafin bai gama buɗewa ba. Tun da Hukumar Sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, kowane megabayit ya ƙara daraja a aljihun ɗalibi da ɗan kasuwa.

Ba kullum laifin netwok ba ne. Sau da yawa nauyin shafin ne, domin an loda masa manyan manhajoji don aikin da bai taka kara ya karya ba. A nan ne fasahar Web Components da manhajar Lit suke da amfani ga matasan da ke koyon wannan sana'a a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da Jami'ar Al-Qalam, ko ta shirin 3MTT na Gwamnatin Tarayya.

Mece ce wannan fasaha?

Da harshen HTML ake rubuta shafin intanet, kuma yana da sassansa na asali, kamar maballi da hoto da tebur. Web Components na bai wa mai gini damar ƙera nasa sashen, ya raɗa masa suna, ya riƙa sa shi duk inda ya ga dama. Sharaɗin sunan shi ne a sa ƙaramin layi a tsakiya, misali “lokacin-salla” ko “farashin-hatsi”, don kada ya yi karo da sunayen asali.

Kamar magini ne da ya samu injin buga bulo: sau ɗaya ake daidaita shi, bulo dubu su fito iri ɗaya. Idan ma'aikatu goma suna amfani da fom ɗin rajista guda, gyara ɗaya ya ishe su duka da zarar sun ɗauki sabon.

Akwai kuma abin da ake kira Shadow DOM, wanda ke killace launi da tsarin sashen, ta yadda adon sauran shafin ba zai ɓata shi ba.

Daga Polymer zuwa Lit

Injiniya Alex Russell ne ya gabatar da tunanin a 2011. Google ya fito da manhajar Polymer a 2013, lokacin da burauzoji ba su iya karanta irin waɗannan sassa da kansu ba. Firefox ya karɓi fasahar a 2018, Edge kuma a 2020, bayan Chrome da Safari.

Da burauza ta ɗauke mafi yawan aikin, sai injiniyoyin Polymer suka koma ga abu mara nauyi. Lit 2 ta fito a 2021, Lit 3 kuma a 2023. Nauyinta kimanin kilobayit 5 ne idan an matse ta, wato hoto ɗaya na WhatsApp ya ninka ta sau da yawa. Aikinta shi ne lura da bayanan da suka sauya, ta sabunta wurin kaɗai. Idan farashin buhun masara ya tashi, adadin ne zai canza, sauran shafin na nan yadda yake. Da ita kamfanin Adobe ya yi amfani wajen gina Photoshop na intanet.

Abin da ya shafi Hausa

Akwai buƙatun da ba wanda zai zo daga Amurka ya biya mana su. Akwatin rubutu mai maballan ɓ da ɗ da ƙ, da sashen nuna kwanan watan Hijira kusa da na Miladiyya, da na rubuta kuɗi da alamar naira, duk ƙananan ayyuka ne da ɗalibi zai iya kammalawa a zango ɗaya. Idan aka wallafa su kyauta, mai gina shafi a Maraɗi ko Zariya zai ɗauka ya yi amfani da su, ko da da React ko Vue yake aiki.

Inda gizo ke saƙar

Sassan sun dogara da JavaScript. Mai amfani da Opera Mini a yanayin matse data sosai yana iya tarar da fili wayam inda sashen ya kamata ya bayyana. Saboda haka muhimmin bayani, kamar ranar rufe rajista ko lambar asusu, gara a rubuta shi da HTML zalla.

Haka kuma masu ɗaukar ma'aikata sun fi neman wanda ya iya React, don haka mai neman aiki kada ya tsaya a kan Lit kaɗai. Sai dai wanda ya fara da ita zai fahimci yadda burauza take aiki, kuma wannan ilimi ba ya tsufa da sauyin yayi.

Mai son gwadawa zai iya shiga lit.dev, inda ake rubuta sashe a ga sakamako nan take ba tare da sauke komai ba. Idan ya gama, ya gwada shi a ƙaramar wayar Itel ko Tecno a inda netwok ke da rauni, domin irin wayar da mafi yawan masu buɗe shafin nasa ke riƙe da ita ke nan.