Maro Itoje: Ɗan Najeriyar da ya ja ragamar Zakunan Birtaniya, da abin da Katsina za ta koya

Duk wanda ya tashi a Katsina ya ji labarin Korau, baƙon da ya zo daga 'Yandoto ya kayar da Sarki Sanau a kokawa, ya gaji sarautar gari. Ke nan mu mutanen birnin da kokawa ta taɓa naɗa sarki ne. Amma shiga kowane gidan kallo a Ƙofar Ƙaura ko Sabuwar Unguwa, ka bari mai gidan ya yi kuskuren murɗo tashar da ake nuna ƙwallon zari-ruga. Nan take ihu zai tashi: "Malam, wannan ai faɗa ne, mayar mana da Firimiya!" Kaɗan ne daga cikin matasan suka san cewa dogon nan da ke sanye da farar riga mai lamba 4, wanda 'yan wasan Ingila ke bin umarninsa, jininmu ne. Sunansa Oghenemaro Miles Itoje, duniya kuma ta san shi da Maro.

Kafin a gane girmansa, sai an gane wasan. Zari-ruga ya samo asali ne a makarantar garin Rugby da ke Ingila, a ƙarni na 19. Kowane ɓangare mutum 15 ne, ana kuma yin minti 80. Ƙwallon doguwa ce mai siffar ƙwai, ana rungumarta a ruga da ita, amma ba a jefa wa abokin wasa ita gaba, sai dai baya ko gefe. Wanda ya kai ta bayan layin abokan hamayya ya dangwala ta a ƙasa ya ci maki 5, a ƙara masa 2 idan aka buga ta ta bi tsakanin dogayen sanduna. Bugun tara maki 3 ne. An halatta kama mai riƙe da ƙwallo a kayar da shi, muddin ba a kai masa hannu wuya ko kai ba. Sai a shekarar 1995 aka amince a riƙa biyan 'yan wasa albashi, wasan ya zama sana'a.

Aikin Itoje yana cikin ƙarti takwas na gaba, masu ɗaukar wahalar wasan. Idan aka yi ƙaramin kuskure, alƙali kan sa takwas ɗin nan su sunkuya su sarƙe kafaɗu da takwas na can, a yi ta turereniya a kan ƙwallo. Shi a layi na biyu yake, kansa a cuse tsakanin ƙugun mutanen gabansa, ƙarfin turawar daga cinyoyinsa yake fitowa. Idan kuma ƙwallo ta fita waje, sai a jeru layi biyu a jefo ta ta tsakiya. A nan ake ganin gwanintarsa. Zai faɗi wata kalmar sirri da 'yan ƙungiyarsa kaɗai suka sani, ya yi taku biyu kamar zai koma baya, sai ya daka tsalle. Abokansa biyu su cafe shi a cinya su ɗaga sama, mutumin da tsayinsa ya kusa mita biyu, nauyinsa ya haura kilo 110, ya miƙa hannu ya ciro ƙwallon a iska kafin abokin karawarsa ya bar ƙasa. Mai kallo zai ce ƙarfi ne, alhali rabin aikin lissafi ne da karanta zuciyar abokin gaba, kamar yadda ɗan kokawa ke lura da ƙafar da abokinsa ya dogara a kai.

An haifi Itoje a unguwar Camden da ke Landan ranar 28 ga Oktoba, 1994. Iyayensa 'yan Najeriya ne, asalin gidan kuma Urhobo ne na jihar Delta. Bai taɓa ƙwallon zari-ruga ba sai yana ɗan shekara 11, a makarantar kwana ta St George's da ke Harpenden. Daga can ya wuce makarantar Harrow, ƙungiyar Saracens ta Landan kuma ta ɗauke shi cikin matasanta. A 2014 shi ne kyaftin ɗin Ingila da ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20.

Shekarar 2016 ce ta fito da shi. A watan Fabrairu ya buga wa babbar tawagar Ingila wasansa na farko da Italiya, a gasar ƙasashe shida ta Turai. Ingila ta cinye wasanninta biyar duka, abin da rabonta da yi tun 2003. A watannin da suka biyo baya Saracens ta ɗauki kofin Turai da na Ingila, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Turai, yana da shekara 21 kacal. Ya sake ɗaukar kofin Turai a 2017 da 2019.

Wasan da masoya ba sa mantawa shi ne na 26 ga Oktoba, 2019, a birnin Yokohama na Japan. Ingila ta haɗu da Niyu Zilan, mai riƙe da kofin duniya sau biyu a jere, a wasan kusa da na ƙarshe na gasar kofin duniya. Itoje ya hana su sakat, yana ƙwace ƙwallo a ƙasa, yana tare ta a sama. Aka tashi 19 da 7, aka ba shi kyautar gwarzon wasa. Mako guda bayan haka Afirka ta Kudu ta lallasa su 32 da 12 a wasan ƙarshe. Ba a jima ba wata jarrabawar ta zo: a 2020 aka kori Saracens zuwa rukuni na biyu saboda karya dokar iyakar albashi. Itoje bai gudu ba. Ya zauna da ƙungiyar da ta raine shi har ta dawo, suka sake cin kofin Ingila a 2023.

Haƙurin ya yi rana. A Janairun 2025 aka naɗa shi kyaftin ɗin Ingila. A watan Mayu kuma aka ba shi jagorancin Zakunan Birtaniya da Ailan, tawagar da ake tacewa daga ƙasashe huɗu duk bayan shekara huɗu, wadda tarihin tafiye-tafiyenta ya faro tun 1888. Shi ne baƙar fata na farko da aka naɗa kyaftin ɗinta. A Ostiraliya, a wasa na biyu a birnin Melbourne, gaban 'yan kallo sama da 90,000, an ba su ratar 23 da 5, suka farfaɗo suka ci 29 da 26. Suka dawo gida da nasarar wasa biyu cikin uku.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a rayuwarsa shi ne bai taɓa ajiye littafi don ƙwallo ba. Yana tsakiyar cin kofuna ya yi digiri a fannin siyasa a makarantar SOAS ta Jami'ar Landan, wadda ta daɗe da suna wajen nazarin Afirka, har da harshen Hausa. A 2023 ya kafa gidauniyar Pearl Fund don ɗaukar nauyin karatun yara marasa galihu, aka fara da Legas. Ya san sana'ar tasa gajeriya ce, kuma tana cin jiki. Steve Thompson, wanda ya ci wa Ingila kofin duniya a 2003, ya bayyana a 2020 cewa ciwon mantuwa ya kama shi har ba ya iya tuna wasannin. Duk wanda zai kawo wa yaranmu wannan wasa dole ya zo da koci mai horo da dokar kare kai daga buguwa.

Itoje ba shi ne ɗan asalin Najeriya na farko da ya buga wa Ingila ba. Victor Ubogu haifaffen Legas, Steve Ojomoh na birnin Benin da Adedayo Adebayo duk sun buga wa Ingila a shekarun 1990. Abin da ya haɗa su shi ne makarantar da ke da fili, da malamin da ya ga yaro ya ce zo ka gwada. A gida muna da tawagar ƙasa ta Black Stallions, a Kano kuma ƙungiyar Barewa ta daɗe tana koya wa yara wasan. Tsakaninmu da Kano tafiyar 'yan sa'o'i ce.

Katsina kuwa ba baƙuwa ba ce wajen karɓar wasan waje ta mayar da shi nata. Sarki Muhammadu Dikko ne ya kawo folo a shekarun 1920, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya zama gwanin da har yau ake ba da labarinsa. Folo sai mai doki, amma zari-ruga ƙwallo ɗaya da fili kawai yake nema. Akwai samfurin 'yan bakwai-bakwai da aka shigar gasar Olamfik a 2016, akwai kuma na yara wanda ba a kayar da kowa, sai dai a zare ƙyallen da ke rataye a ƙugu. Wasa ne da ke da gurbin kowa: gajere mai ƙiba, dogo siriri, da mai gudu kamar barewa.

Ƙarfi ba mu rasa shi ba. Je ka Babbar Kasuwa ka ga saurayin da ke saɓa buhun masara mai kilo 100 ya haye bayan mota da shi, ko ka tsaya a filin kokawa bayan girbi. Abin da Itoje ya samu yana ɗan shekara 11, wanda wannan saurayin bai samu ba, shi ne aji da fili a wuri ɗaya. Hukumar wasanni da ma'aikatar ilimi ta jiha za su iya farawa da makarantun kwana biyu ko uku, a gayyato masu horarwa daga Kano, a yi gasar ƙarshen zango a filin wasa na Muhammadu Dikko. Sharaɗin shiga ƙungiya kuma ya zama ɗaya: yaron da bai zauna aji da safe ba, ba zai taɓa ƙwallo da yamma ba.