Tufafin Bazara da Damina: A Shirya Su Tun Rumbu Yana Cike

A watan Afrilu na bara na shiga wani gida a Matsinkai domin in duba irin shinkafa da ƙungiyarmu ta raba wa membobi bayan girbi. Na tarar da uwargida a gindin dogon yaro tana yi wa jaririnta fifita, wuyansa da bayansa duk ƙurajen zafi. Da na tambayi irin, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, an kai shi kasuwa tun makon jiya. Ista ta matso, yara ba su da abin sawa." Ta ɗauko mini kayan da aka saya. Yadi ne mai walƙiya, irin na roba, mai kyau a ido. Da ruwa ya sauka, maigida ya ciwo bashin iri, buhu ɗaya a biya biyu da kaka. Rigunan kuwa, yara suka ƙi sa su saboda zafi.

'Yan'uwa manoma, ba wannan gida kaɗai ba ne. Mukan yi shirin iri, da taki, da shanun huɗa, amma ba mu yin shirin sutura, sai ta zo mana a lokacin da ba mu da kome a hannu. Sutura ma aikin gida ce da ke da lokacinta kamar shuka. Wanda ya tsara ta tun da kaka, ya sayi yadin da ya dace da zafin ƙasarmu, aka ɗinka a gida, ba zai taɓa irinsa ba.

Lokacin saye

Kuɗi kan shigo hannun manomi daga Nuwamba zuwa Janairu. A lokacin nan kowa yakan yi kayan Kirsimati, sai a manta cewa akwai bazara a gaba. Ista kuwa kullum tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu take faɗawa, watau a tsakiyar zafi, sa'ad da rumbu ya fara yin ƙasa. A kwanakin nan zafi a ƙasar Bagudo yakan haura digiri 40. Daga wajen Mayu kuma ruwa ya sauka, ba mai sauran lokacin zama a kan keken ɗinki har Oktoba.

Saboda haka a sayi yadin bazara da na damina tare da na Kirsimati, a ajiye a akwati, a ɗinka a Janairu da Fabrairu. Masu noman rani a fadamar Kwara, su ware kuɗin daga amfanin farko da suka sayar.

A fara da ƙidaya

Kafin a je kasuwa, maigida da uwargida su zauna su fito da dukan tufafin gidan a kan tabarma. A kasa su kashi uku: masu kyau, masu bukatar gyara, da waɗanda suka ƙare. Rigar da ta yi wa wa kaɗan, a rage ta domin ƙane. Zanen da ya tsufa a tsakiya, gefensa zai ba da rigar yaro ko majanyi. Sai bayan wannan za a san abin da ya kamata a saya.

A ganina, abin da zai ishi babban mutum ɗaya ya ƙetare bazara da damina shi ne: kayan gona biyu, domin in ɗaya ya jiƙe a sa ɗaya, kayan zaman gida da kasuwa biyu, da na sujada da biki ɗaya. Wanda yake feshin magani a gona ya ware tsohuwar riga mai dogon hannu da wando domin feshi kaɗai, a riƙa wanke su dabam, kada su haɗu da kayan yara.

Turmin atamfa yadi 6 ne. Mace za ta fitar da zane daga yadi 2, riga daga wajen yadi 2, ɗankwali daga yadi 1, ragowar kuma ta isa rigar 'yar shekara uku ko huɗu. Riga da wando na namiji sukan ci yadi 4 zuwa 5, gwargwadon tsawonsa. A rubuta wannan lissafi a takarda, a tafi da ita kasuwa, kada daɗin bakin mai kaya ya sa a wuce ta.

Wane yadi?

Iyayenmu ba su sha wahalar zaɓe ba, gama sawayen da suka saƙa da hannu auduga ne zalla. Masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano, suna saƙa audugar Funtuwa da Gusau. Wannan masaƙa ta farko ta rufe a 2002, da yawa kuma suka bi ta. Yau galibin atamfar da muke gani a kasuwannin Bagudo, da Ka'oje, da Tsamiya, da Illo daga ƙasar Sin take zuwa, wata ta Kantin Kwari na Kano, wata ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano. A cikinta akwai auduga ta gaskiya, akwai gauraye, akwai kuma roba zalla da aka buga wa zanen atamfa.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Auduga takan sha gumi ta bar iska ta ratsa, jiki ya huce. Roba ba ta shan gumi, sai ya kwanta a fata, daga nan ƙuraje da ƙaiƙayi su fito, musamman ga jarirai da ake goyo. Ga kuma hatsarin murhu: in wuta ta kama yadin roba, narkewa yake yi ya manne a jiki. Gauraye yana da nasa amfani, domin ya fi saurin bushewa da damina, yana kuma jure wanki. Ana iya yin wandon gona da kayan makaranta da shi. Amma abin da zai taɓa fatar jariri, ko rigar da za a wuni da ita a rana, a nemi auduga.

Ga gwaji uku da kowa zai iya yi. Na ɗaya, a dunƙule gefen yadin a hannu a sake shi. Auduga takan yamutse, roba kuwa takan miƙe kamar ba a taɓa ta ba. Na biyu, a roƙi mai kaya ɗan zare daga bakin yadin, a koma gefe a ƙyasta masa ashana. Auduga takan yi warin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba takan narke ta dunƙule kamar leda. Na uku, a jiƙa farin ƙyalle a goga a kan yadin. In launi ya bi ƙyallen sosai, wanki biyu zai koɗe. Mai kayan da ya ƙi a gwada, a wuce gaba. Araha ba ta ado.

Masu ƙetarawa Segbana ko Malanbil a Jamhuriyar Benin su lura da abu biyu. A can yadin da ba atamfa ba da mita akan auna shi, mita kuwa ta fi yadi da wajen inci 3. A kuma lissafa canjin sefa da kuɗin babur kafin a ce an sami sauƙi. Kada mu manta da Agusta 2019, sa'ad da aka rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗe su ba sai Disamba 2020. Gidan da ya dogara ga ƙetare kaɗai, ya ji jiki a lokacin.

Launi

Launi yana da aiki biyu, kariya da ado. Fari da launuka masu haske sukan mayar da zafin rana, baƙi kuwa yakan sha shi. Domin gona a zaɓi ruwan ƙasa mai haske, ko ruwan toka, ko kakin soja, gama ba su nuna datti kamar fari. Masu aiki a bakin kogi da cikin kurmi su guji shuɗi mai duhu da baƙi. Ƙudan tsando yana bin waɗannan launuka biyu, shi ya sa ma da ƙyalle shuɗi da baƙi ake yin tarkonsa. Sauro ma ya fi sauka a kan tufa mai duhu.

Wajen ado kuwa, kada mace ta sayi atamfa don ta gan ta a jikin maƙwabciya. Ta fito da ita daga inuwar rumfa zuwa haske, ta ɗora a kafaɗa kusa da fuska, 'yar'uwar da ta raka ta ta faɗa mata gaskiya. Abin da na lura da shi a ajin ɗinki shi ne, baƙar mace takan haskaka cikin ruwan ɗorawa, da ruwan goro, da fari, da ruwan hoda. Mai wankan tarwaɗa, kore da ja mai duhu da shuɗin sama sukan karɓe ta. Fara kuma, shuɗi sosai da algashi da makuba sun fi fito da ita. Manyan furanni sukan dace da doguwa, gajeriya kuwa ta nemi ƙananan zane, ko ratsin da ya sauko daga sama zuwa ƙasa.

Wata dabara ita ce a tsaya a kan launuka biyu ko uku da suka yarda da juna. Zane biyu da riga uku da za a iya musanya su, sun zama shiga shida. Iyayenmu na Zumuntar Mata, in za ku fitar da anko, ku zaɓi wanda za a iya sawa da farar riga ko da ta wani launi bayan taro ya wuce.

Yanka da ɗinki

Kada a sa almakashi a sabon yadi sai an wanke shi an shanya, gama auduga takan tsuke a wankin farko. Wadda ba ta iya awo ba, ta warware tsohuwar rigar da ta yi mata daidai, ta shimfiɗa a kan takardar buhun siminti, ta zana da alli, ta ƙara faɗin yatsa biyu domin ɗinki. Kayan zafi su zama da yalwa a hammata da wuya, kada a sa shafi a ciki. Rigar yaro a bar mata kalmasa mai faɗin yatsa huɗu, baɗi a sake ta. Wandon gona a yi shi da tazuge, a ninka yadin a gwiwa. Ba dole sai da keke ba: allura da zare sun isa kalmasar zane, da rigar jariri, da faci.

Da damina a shanya tufafi a kan igiya, ba a ƙasa ba. Akwai wani ƙuda da ke saka ƙwai a ƙasa da kan tufafin da aka shimfiɗa a kanta, tsutsarsa ta shiga fata ta yi maruru. Dutsen guga na gawayi yana kashe ƙwan, saboda haka a goge kayan yara ciki da waje. Kada kuma a tura tufa mai danshi cikin akwati, za ta yi fumfuna.

Aikin ƙungiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yadda muke haɗa kuɗi mu sayi taki, haka za mu iya haɗawa mu sayi yadi a sari, mu aiki mutum biyu masu ido, mu raba a gaban kowa. Ƙungiyar da ba ta da keke, ta sa shi cikin lissafin bana. A ajiye shi a hannun amintacciya, a rubuta ranar kowa, a karɓi ɗan abin sayen mai da allura.

Gidan nan da na ambata da farko, da kakar nan uwargida ta sayi turmi ɗaya da yadi 5 na auduga, ta ɗinka a keken ƙungiya kafin Fabrairu ta ƙare. Irinsu yana nan a rataye, ba a taɓa shi ba. A taronku na wata mai zuwa, bayan maganar iri da taki, ku sa maganar sutura. Kowane gida ya zo da takardar lissafinsa.